Yadda Mai Jawabi Zai Gina Sunansa da Shaidar Waɗanda Suka Saurare Shi

A nan Garwa, idan kwamiti ya zauna zai zaɓi wanda zai yi jawabi a taronsa, ba a fara tambayar takardar makaranta. Na halarci irin wannan zama sau da yawa, wani lokaci a zauren shugaban ƙungiya, wani lokaci a aji bayan an tashi yara. Wani zai kawo suna, sai shugaba ya ɗaga kai ya ce, "To, wa ya taɓa jin sa?" Idan aka yi tsit, an wuce sunan ke nan, ko da mai shi ya fi kowa iya magana a Arewacin Kamaru. Idan kuwa wata daga can gefe ta ce, "Ni na ji shi a wajen adashinmu, shi ya koya mana raba uwar kuɗi da kuɗin cefane, har yau da shi nake aiki," magana ta ƙare, saura a nemo lambarsa.

Maganar matar nan ita ce jarin mai jawabi. Abin da zan bayyana shi ne yadda ake samun irinta ta hanyar gaskiya, a adana ta, a kai ta kunnen da ya dace. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin rubutu, amma 'yan'uwa mata da ke wannan fage, har da ku nake.

Sai mun fara raba yabo da shaida, domin a nan yawancinmu ke ruɗewa. Mu mutane ne masu kara. Kana ajiye makirfo za a kewaye ka: "Masha Allah, Malam, ka yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira." Wannan addu'a ce, ka karɓa hannu biyu ka ce amin. Amma ba ta gina suna, tunda wanda ya ratsa zukata da wanda ya sa mutane gyangyaɗi duk abin da ake faɗa musu ke nan. Shaida kuwa tana da ƙafafu uku: yadda mutum yake kafin ya ji ka, abin da ya ɗauka ya aikata, da abin da ya gani bayan nan. Duk maganar da ta rasa waɗannan yabo ce, komai daɗinta.

Ka ba mutane abin da za su yi shaida a kansa

Idan jawabinka daga farko har ƙarshe "mu tashi tsaye, mu haɗa kai, matasa su ne manyan gobe" ne, za a tafa maka, amma bayan mako guda babu mai iya faɗin abin da ya tafi da shi gida. Don haka tun kana shiri, ka rubuta a saman takarda abu guda da kake so mai sauraro ya yi da hannunsa kafin Juma'a mai zuwa. Ƙarami, wanda ba ya cin kuɗi. Ni fagena lissafin ƙaramar sana'a ne, kuma abin da nake bari a hannun mutane bai wuce gwangwani biyu ba: ɗaya na uwar kuɗi, ɗaya na riba, kuma na farkon ba a taɓa shi don cefane ko anko. Mai magana kan tarbiyya zai iya cewa kowane uba ya zauna da ɗansa minti 10 bayan Isha'i ya duba littafinsa na makaranta. Mai magana da manoman albasa zai iya cewa kowa ya rubuta kuɗin taki da na mai da na ƙwadago a shafi ɗaya kafin dillali ya iso gona.

Ka kuma tsaya a fage ɗaya, aƙalla a shekarun farko. Wanda yau yana maganar aure, gobe kiwon kaji, jibi shugabanci, ko an so a ba da labarinsa ba a san ta ina za a kama ba. Akwai unguwannin da ba a riƙe sunana ba, "mai gwangwani" ake ce mini, kuma wannan laƙabin ya kai ni wuraren da katin suna bai taɓa kai ni ba.

Ka fara daga inda ake zama a kan tabarma

Kada ka zauna jiran babban zaure da fitilu. Taron mutum 15 ya fi taron mutum 500 ba da shaida, domin ka ga fuskar kowa, kuma za ka iya komawa ka same su. Adashin mata, ƙungiyar masu mashin, ƙungiyar iyayen yara ta makaranta, ɗaliban Islamiyyar dare, ƙungiyoyin manoman auduga da ke hulɗa da kamfanin auduga na Sodecoton, ƙungiyoyin ɗalibai a jami'ar Ngawundare da ke Dang, ko ta Marwa, ko tamu ta Garwa da aka kafa a 2022, duk suna zama a kai a kai, kuma sau da yawa shugabanninsu neman mai ɗauke musu minti 20 da magana mai amfani suke yi. Ka je ka yi kyauta. A unguwa, ka fara gaida mai unguwa, wato jauro ko lawan, kafin ka tara masa mutane.

Ka san kalandar ƙasar. Makon da ke gaban 11 ga Fabrairu, ranar matasa, cike yake da taruka a makarantu. Haka makon 8 ga Maris ga ƙungiyoyin mata, da 1 ga Mayu ga ma'aikata, da 5 ga Oktoba ga malamai. Masu shirya waɗannan suna zaɓen mai jawabi tun da saura makonni, ke nan shaidar da za ta kai ka taron Maris tun a Nuwamba ko Disamba ake tara ta. Manomi kuwa kada ka neme shi da damina ta kankama. Idan kuma kai ne mai shirya taron a wurin da kowa ke iya shiga, ka tuna dokar 19 ga Disamba 1990 kan taruka ta ce a sanar da ofishin su-firefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, aƙalla kwana 3 kafin ranar.

Ranar taro, lamba za ka karɓa

Kuskuren da na fi gani shi ne mai jawabi ya sauko, yaronsa ya miƙa wa mutane waya a fuska: "Baba, me za ka ce kan jawabin Malam?" Baba yana tsaye a gabanka, ga jama'a na kallo, me kake so ya ce? Zai yaba ne kawai, kuma duk wanda ya kalli bidiyon daga baya zai gane yabon kunya ne.

Abin yi ranar shi ne wannan. Kafin ka rufe jawabi ka ce, "Jama'a, wanda ya gwada abin nan, ina so in ji yadda ta kaya, ko ya yi ko bai yi ba. Ga littafi can, mai so ya bar lambarsa, zan kira bayan mako uku." Littafin makaranta na talaka ya isa, ka ja layi huɗu: suna, lamba, sana'a, da harshen da mutum ya fi sakewa da shi. Layin ƙarshen nan kada ka raina shi. A taro ɗaya a Garwa za ka samu mai Hausa, mai Fillanci, mai Faransanci, a Kusiri kuma ga Larabcin Shuwa. Mutum ba ya buɗe cikinsa da harshen aro.

Kada kai ka riƙe littafin. Ka ba wani daga cikin masu taron, idan mata ne ka ba mace, zai fi kyau sakatariyarsu. Wanda bai iya rubutu ba a rubuta masa, wanda ya wuce bai tsaya ba a bar shi. Idan mutum 6 suka bar lamba cikin 30, ba ka yi asara ba. Waɗannan shidan da son ransu suka bari.

Kiran mako na uku

A nan aikin yake, kuma a nan yawancin masu jawabi ke sarewa, domin babu tafi, babu hoto, sai kai da waya da kuɗin kira. Na zaɓi mako uku ne saboda ɗumin taro ya huce, kunyarka ta ragu a idonsu, wanda zai gwada ya gwada, kuma ba a kai ga manta ka ba. Idan abin da ka koyar na noma ne, dole ka jira kaka.

Ka kira a lokacin da mutum yake da sarari: 'yar kasuwa bayan Magariba, mai mashin da tsakar rana lokacin da zafi ya kora kowa inuwa. Ka yi cikakkiyar gaisuwa, kada ka yi tsalle ka faɗa kan buƙatarka. Kuma kada ka taɓa tambayar "Yaya kika ga jawabina?" Wannan roƙon yabo ne, kuma yabo za a ba ka. Ka tambayi rayuwarta, ka cire kanka daga ciki.

Bari in kawo kira ɗaya da ba na mantawa, da wata dattijuwa mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a unguwar Yelwa.

"Salamu alaikum, Hajiya, ina wuni? Ya gida, ya jikoki, ya zafi? Ni ne na zo adashinku kwanakin baya."

"Af, mai gwangwani! Lafiya lau, ɗana. Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Hajiya, cikin abin da muka tattauna ranar nan, akwai wanda kika gwada?"

"Na gwada mana. Gwangwanin tumatir biyu na wanke."

"Kafin nan yaya kike yi?"

"Da can, ɗana, in na tashi kasuwa na ga kuɗi a hannu, sai in ɗauka duk nawa ne. Ranar sarin gyaɗa kuma in shiga neman rance. Yanzu sau uku ke nan ina saro gyaɗa ban ci bashin kowa ba."

"Me ya ba ki wahala a ciki?"

"Na ribar ne. Jikoki sun gano inda nake ajiye shi. Sai da na mayar da shi ɗakin maƙwabciyata."

Ka duba abin da ke cikin wannan 'yar hira. Akwai da, akwai yanzu, akwai adadi da ta ƙirga da kanta, akwai gwangwanin tumatir, akwai jikoki. Babu mai iya ƙirƙiro wannan yana zaune a ɗaki, kuma duk matar da ta ji za ta ga kanta a ciki. Ba ta ce na iya magana ba ko sau ɗaya, amma ban taɓa samun abin da ya jawo mini gayyata kamar muryarta ba.

Tambayoyin ke nan: me ka gwada, da yaya kake yi, me ya canja, me ya ba ka wahala. Wani lokaci ina ƙara ta biyar: "Idan shugaban wata ƙungiya ya tambaye ka ko ya gayyace ni, me za ka ce masa?" Bayan kowace tambaya ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, za ka so ka taimaka masa da kalma, kada ka yi. Abin da ka ɗora masa a baki naka ne, ba nasa ba. Wanda ya ce bai gwada ba, ka gode masa ka tambayi dalili, domin amsarsa gyaran jawabinka na gaba ce.

Izini, kafin komai ya fita

Sai bayan hira ta yi daɗi za ka ce, "Hajiya, maganar nan taki za ta amfani wasu. Kin yarda ki sake faɗa mini ita a saƙon murya, in jiyar da masu shirya taro?" Ka fayyace mata inda za ta je, domin jiyar da mutum ɗaya a ofis daban, sakawa a Facebook inda dangin mijinta na Yola da Injamena za su gani daban. Ka ba ta zaɓi: murya kaɗai, ko rubutu kaɗai, da suna ko ba suna, da hoto ko ba hoto. Da yawa za su ce a ce "wata mai man gyaɗa a Garwa", kuma hakan ya wadatar. Matar aure ka ba ta lokaci ta yi shawara da maigidanta, kada ka matsa. Ɗalibin da bai kai shekara 18 ba sai da yardar iyayensa. Kada ka naɗi kiran waya a ɓoye da niyyar neman izini daga baya. Cin amana ne. Tun Disamba 2024 ma Kamaru tana da dokar kare bayanan mutane, amma kafin doka akwai mutunci.

Akwai abin da ko an ba ka izini kai ne za ka hana shi fita. Idan mutum cikin zumuɗi ya ambaci yawan bashin da ke kansa, ko rikicin gidansa, ko inda yake ɓoye kuɗi, ka ce masa wannan ɓangaren ba zai fita ba. Maganar ɗakin maƙwabciya, alal misali, na gaya wa Hajiya ba zan jiyar da kowa a unguwarsu ba, kuma ko a nan da yardarta na kawo. Ka sanar da kowa cewa duk ranar da ya ce a cire, za ka cire ba tare da tambayar dalili ba.

Batun ɗaukar murya ko bidiyo ba shi da tsawo. Saƙon murya na WhatsApp ya fi bidiyo sauƙi ga mai kunya, ya fi arhar data, kuma minti ɗaya ya isa. Idan bidiyo ne, ka je wurin sana'ar mutum da safe, haske ya dake shi a fuska, ku nisanci janareta da bakin titi, waya ta matso kusa da bakinsa. Ka sa wa kowane fayil suna da kwanan wata da gari, ka ajiye kwafi a wani wuri ban da wayarka. A littafin nan kuma ka rubuta irin izinin da kowa ya bayar, domin bayan shekara ba za ka tuna ba.

Kada ka gyara wa mutum bakinsa

Na taɓa yin wannan laifin. Wani matashi mai gyaran waya ya turo mini saƙo, ya ce rabin farko na jawabina bai gane ba saboda Faransanci ya yi yawa, amma maganar rubuta bashin kwastomomi a littafi ta taimake shi, har ya karɓo kuɗin da ya riga ya fid da rai. Sai na yanke farkon na saka ƙarshen. Bayan kwana biyu ya kira ni, cikin ladabi ya ce, "Malam, ba haka na faɗa ba." Ya yi gaskiya. Na ba shi haƙuri, na cire, na saka cikakken. Abin da na lura daga baya shi ne cikakken ya fi tasiri, domin mai sauraro da ya ji an bar suka a ciki sai ya gaskata sauran.

Za ka iya rage gaisuwa da maimaici da tari. Ba za ka cire abin da ke canja ma'ana ba. Idan ka fassara daga Fillanci zuwa Faransanci don wani ofis, ka karanta wa mai maganar fassarar ya amince, kuma kada ka mayar da maganar 'yar kasuwa ta koma ta farfesa.

Sauran hanyoyin banza ka san su: rubuta shaida da kanka ka laƙa mata sunan wani, sa ƙannenka su yi kamar baƙi, ko biyan mutum ya yabe ka. In baki ya ci, ido ya ji kunya. Wanda ka tura wa sefa 2000 ta Orange Money ba zai iya faɗin gaskiya a kanka ba ko yana so. Aikin maroƙi sana'a ce mai gurbinta a biki, kowa ya san an biya shi, ba a ruɗi kowa ba. Amma ka saye yabo ka kira shi shaida, wannan reshen shaidar zur ne, kuma mun san matsayinta cikin manyan zunubai. Ga shi garuruwanmu ba su da faɗin da ƙarya za ta ɓuya: tsakanin Garwa da Pitowa da Gidar, ko yaushe akwai wanda ya san wanda ya san mutumin.

Wasu kuma matsalarsu akasin haka ce, suna jin tara shaida kamar riya ne ko yabon kai. Na fahimci wannan, kuma alama ce ta zuciya mai rai. Muslim ya ruwaito cewa an tambayi Manzon Allah (SAW) game da wanda ya yi aikin alheri mutane suka yabe shi, sai ya ce wannan bushara ce ta gaggawa ga mumini. Mai shirya taro zai tara mutane ya kashe kuɗin ƙungiya, yana da haƙƙin sanin ko zuwanka na da amfani. Ka duba niyyarka a kai a kai, shi ke nan.

Takardar wanda ya gayyace ka

Shaidar mai sauraro tana nuna maganarka ta yi aiki. Shaidar mai gayyata tana nuna ana iya aiki da kai: ka zo kan lokaci, ba ka wuce mintunan da aka ba ka ba, ba ka ƙara kuɗi a ƙofar zaure ba, ba ka zagi kowa ba. A ƙasar nan takarda mai hatimi tana da nauyi, musamman a makarantu da ofishin magajin gari da ƙungiyoyin agaji. Cikin makon taron ka nemi shugaba ya ba ka 'yar takarda da Faransanci mai ɗauke da kwanan wata, wuri, batun jawabi, kimanin yawan mahalarta, sa hannu da hatimi. Idan ka bari wata uku suka wuce, kwamiti ya canja, ka rasa. Sannan ka tambaye shi, "Alhaji, idan wani ya nemi jin labarina, ka yarda in ba shi lambarka?" Mutum uku da suka yarda a kira su sun fi takarda goma.

Inda za ka kai ta

Ƙa'idar ita ce kowa ka kai masa shaidar irinsa. Shugabar ƙungiyar mata a Domayo ta Marwa muryar mace 'yar kasuwa take son ji, da Fillanci in akwai. Shugaban makaranta takardar wani shugaban makaranta yake son gani. Ƙungiyar agaji tana son shafi ɗaya da Faransanci: sunanka, fagenka, wuraren da ka yi jawabi, gajerun shaidu uku, da lambobin da za a iya kira. Idan an neme ka ko kai ka nemi dama, saƙo biyu ko uku ka tura, kada ka juye wa mutum ashirin ya rasa na buɗewa.

A status na WhatsApp, wanda ke gogewa bayan awa 24, shaida ɗaya a mako ta isa. Kuma ka haɗa ta da darasin da ya haife ta: ka fara da bayanin gwangwani biyu, sannan muryar wadda ta gwada. Ta haka wanda bai taɓa ganin ka ba ya ƙaru, ba tallarka kaɗai ya kalla ba. A Facebook ka tara su wuri guda inda mai bincike zai same su. Idan gidan rediyon gari ya ba ka fili, ka roƙi a bar ka ka zo da mutum ɗaya da ya gwada abin, ka bar shi ya fi ka magana.

Akwai wata ƙofa da ake mantawa: mai gabatar da kai a taro. Idan ka bar shi, kirari zai yi maka, ya kira ka gogan magana, kogin ilimi, jama'a su gyara zama suna jiran abin da ba za ka iya ba. Ka rubuta masa layi uku tun kafin a fara: sunanka, fagenka, da shaida guda a taƙaice, kamar "wata mai man gyaɗa a Yelwa ta ce tun da ta bi shawararsa ta daina rancen sari." Za ka ga yadda matan da ke baya suka daina hira.

Idan aka gayyace ka ƙetaren gadar Ngeli zuwa Injamena, kuɗin dai sefa ɗaya ce, amma kunnen ya bambanta. Shaidar mutumin Kusiri da Larabcin da ake yi a kasuwannin can za ta fi ta mutumin Ngawundare shiga. Gari sabo kuwa, komai sunan da ka yi a gida, ka ɗauki littafinka ka koma kan tabarma.

Batun kuɗi zai zo da kansa. Ranar da aka kira ka aka ce "wance ce ta ba mu labarinka", ka kai matsayin faɗin kuɗin mota da na aikinka ba tare da in-ina ba. Amma ƙananan tarukan da suka ba ka shaidar farko, kada ka daina zuwa musu kyauta.

Sukan da ka tara a kiran mako na uku ka ware masa shafukan ƙarshe na littafin. Abin da mutum ɗaya ya faɗa ka ajiye, abin da uku suka faɗa ba tare da sun haɗa baki ba ka gyara kafin jawabi na gaba. Ni ta nan na rage Faransanci, na koma kawo lissafi da Hausa da Fillanci, na kuma daina wuce minti 25 a taron da ake yi da rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura maki 40 kuma kwanon rufin aji ke gasa mutane.

Shaida tana tsufa. Sau ɗaya a shekara, ni bayan Ƙaramar Sallah nake yi tunda dama lokacin gaishe-gaishe ne, ka bi littafin ka kira waɗanda kake amfani da maganarsu. Ka yi barka da Sallah, ka tambayi ko har yanzu suna kan abin, ko har yanzu sun yarda a jiyar da muryarsu, ko lambar da kake ba mutane ta canja. Wanda ya daina, ka daina yawo da tsohuwar maganarsa. Wanda ya rasu, ka yi masa addu'a, ka je ta'aziyya, kuma kada muryarsa ta sake fita sai iyalinsa sun ce a ci gaba.